Kano zuwa Legas: ta ƙasa da ta sama

Ɗaurin auren ɗan yayana ne ya kai ni Agege. Aljihu bai ba da damar jirgi ba a lokacin, sai na nufi tashar Sabon Gari na hau doguwar bas, muka tashi bayan la'asar.

A taswira abin ba ya ba da tsoro. In aka bi miƙe ta sama, tsakanin Kano da Legas kilomita 830 ne da 'yan kai. Ta ƙasa kuwa ya haura 1,000, ya kuma danganta da inda direba ya karya kan mota. Tsohuwar hanya ita ce ta Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye kogin Kwara a Jebba, a faɗa Ilori. Ita ta fi kusa. Na tambayi yaron mota ko ta nan za mu bi, ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, da ranmu?" 'Yan bindiga da lalacewar titi sun kori manyan motocin fasinja daga can, don haka muka zagaya ta Abuja.

Zariya da Kaduna mun wuce su ba labari. Tafiyar ta fara cin jiki ne bayan Abaji. Da tsakar dare muka haye gadar Murtala a kusa da Koton Ƙarfe, aka yada zango a Lakwaja, masu sallah suka rama, masu yunwa suka afka wa soyayyen kifi. Daga Okene zuwa Owo kuwa sai kwana-kwana da shingaye. Ba a gama tada mota daga wannan shinge ba, an hango tocilan na gaba. A kowane shinge ga tireloli jere, wasu shanu, wasu buhunan albasa, wasu kwandunan tumatir, direbobin sun yi jugum suna jiran a sallame su. Mu gajiya kawai muke yi, su dukiya ce take ruɓewa a bayansu.

Gari ya waye mana kafin Ibadan. Titin Ibadan zuwa Legas, wanda aka buɗe a 1978, bai kai kilomita 130 ba, amma cunkoson Berger, a bakin shiga Legas, ya riƙe mu har rana ta take. Na sauka ƙafafu a kumbure.

Da zan dawo, yayana ya tausaya ya yankar mini tikiti. A filin jirgin Ikeja mun jira fiye da tsawon tafiyar kanta, amma da jirgi ya ɗaga, awa ɗaya da rabi muka sauka a filin Malam Aminu Kano, shayina ma da ƙyar na shanye. Kano ta saba da jirgin sama tun 1925, layin dogo kuma ya riga shi zuwa a 1911, sai ga shi har yau mafi yawan mutane da kayansu a kan titi suke kwana.

Abin da hanyar mota ta ɗara ta jirgi bai kai rabi ba, amma lokacin da take ci ya ninka fiye da sau goma. Wannan ba laifin nisa ba ne. Tumatir da shanu ba za su hau jirgin sama ba, don haka hukuma ta gyara hanyar Birnin Gwari zuwa Jebba, ta tsare ta, ta kuma rage shingayen nan.