Tsoron wa ake rubutawa?

Jama'a, wannan samistar na gamu da aikin da ya hana ni barci. A kwas ɗinmu na adabin Afirka a nan Ibadan, lakcara ta ce in gabatar da takarda kan labaran mummunar makoma da aka rubuta da Afrikaans, harshen da Turawan Afirka ta Kudu jikokin 'yan Holan suka yi mulki da shi. Fassarar Turanci na karanta, ba wai na iya yaren ba.

Na fara da Na die geliefde land na Karel Schoeman, wanda ya fito a 1972, lokacin wariyar launin fata na kan ganiyarta. George ya dawo daga Suwizalan, ya tarar mulki ya suɓuce wa mutanensa, suna maƙale a gonaki cikin talauci da fargaba. Sai Horrelpoot na Eben Venter a 2006, shekara 12 bayan zaɓen 1994: Marlouw ya taso daga Ostareliya neman ɗan 'yar'uwarsa, ya iske ƙasar ta lalace. Na uku shi ne Koors na Deon Meyer a 2016, inda annoba ta kusa ƙarar da mutane, wani uba da ɗansa suka kafa gari mai suna Amanzi, baƙi da farare tare.

Ina cikin bayanin yadda tsoron ya sauya daga na rasa mulki zuwa na rushewar ƙasa, sai wata 'yar ajinmu Bayarabiya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Abin da mutanen littafin Schoeman ke gani tashin duniya, ai a cikinsa baƙaƙen Soweto ke kwana suna tashi a 1972." Wallahi shiru na yi. Na kwana uku ina tausayin manoman nan, ban taɓa tambayar wa ke ƙarƙashinsu a da ba.

Da dare na tuna hirarmu ta hostel lokacin zaɓe. Kowane ɗaki da nasa labarin "idan waɗancan suka karɓi mulki mun shiga uku". Ni ma na sha faɗa, ban boye ba. Yanzu idan na ji irinsa, ko daga bakina ne, sai in tambaya: wa ke tsoro, me yake gudun rasawa, kuma wa ya daɗe a cikin halin da ake tsoron?

Ku fa, wane labarin ake bayarwa a naku ɗakin?