Itatuwan Tsakar Gida a Damargu

A Damargu ta ƙuruciyarmu, da wuya ka shiga gida ka rasa aduwa ko magarya a wani lungu kusa da turken awaki. Galibi ba wanda ya dasa su. Yaro ne ya tsotse ƙwallo ya tofar, damina ta ƙarasa aikin. Tsofaffi dai sun iya tsaro: kaka ta kewaye ɗan tsiron da ƙaya, ta riƙa juye masa ruwan alwala, kuma kaiconka in ta gan ka kusa da shi da sanda.

Kun tuna ɗanɗanon aduwa? Zaƙi da ɗaci a haɗe, ga danƙo a yatsu, in ka yi zari cikinka ya ba ka labari da dare. Mata su tsinko dubagara su dafa, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Allon da muka yi karatu da shi ma daga jikinta aka sassaƙo. Magarya kuwa, a daka busassun 'ya'yanta a yi akuri, 'yan mata su kai kasuwar Tanut, da dala guda yaro ya cika aljihu. Ganyenta ake nema ranar wankan gawa, don haka ko maƙwabcin da ba kwa ga maciji ba ya hana ka shiga ka tsinka.

Anza ce ba a cika son tunawa ba. A farin 1973 da na 1984, ƙasar da ta saba loda wa raƙuman Abzinawa gero ta wayi gari rumbuna wayam. Iyayenmu mata suka riƙa jiƙa anza kwana da kwanaki, suna sauya ruwa har ɗacin ya fita. Da ita aka raya yara da yawa daga Tanut har Belbeji. A shekarun farin nan ne gatari ya ci itatuwa, don dabbobi da murhu.

Daga baya dogon yaro ya cika gidaje. Inuwarsa akwai sanyi, ba na musu, amma ba ya sa komai a tukunya.

Da wata ƙungiya mai suna Eden ta kafa gonar gwaji a Dalli tana raba wa manoma irin itatuwanmu na gado, dattawa sun yi mamaki: yau anza ce ake shukawa da hannu? Wasunsu sun karɓa sun shuka, jikokinsu ne ke tsinka yanzu.