Daga Bodinga zuwa Shagari da injin yankan itace

Da asuba muka bar Bodinga a bayan a-kori-kura, mu uku da Kawu. Mun nufi wajen Shagari, mahaifar marigayi Shugaba Shehu Shagari, inda iskar damina ta kayar da wata tsohuwar dalbejiya a gonar abokinsa.

Kawu ba ya yarda a watsa kaya barkatai. Inji a buhu, bakinsa naɗe da tsumma kada sarƙar ta yanki wani. Jarkar fetur da aka gauraya da mai tana can nesa da kwanon fura. Wanda ya taɓa shan fura mai warin fetur ya san dalili. Sufana, fulogi da igiya a tsohon bokiti, gatari a gefe.

Kafin hantsi ya dubi ludayi sarƙa ta dakushe, domin ɓawon itacen cike yake da yashi. Kawu ya miƙo hannu: "Ku ban magagari in wasa ta." Muka kalli juna. Mun baro shi a Bodinga, kan dakali.

Sai gatari. Har la'asar muna sara, hannuwa duk bororo. Ko inuwa babu, don gawon gonar ya zubar da ganye, kamar kowace damina. Rabin mota muka komo da shi.