Neman Bushin Kamshaf

Cikin dukan kayan da a ke canzawa in za a yi wa injin mota garambawul, babu abin da ya ke sa ni yawon kasuwa kamar bushin kamshaf. Ga shi kuwa ɗan abu ne, zoben ƙarfe wanda bai cika tafin hannu ba. Mai mota ya kan tambayi kuɗin fistan da ringi, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi wannan zobe ba.

Kamshaf wata sanda ce mai tozaye, ita ke buɗe bawul a kan kari. In karanshaf ya juya sau biyu, ita sau ɗaya ta ke juyawa. A injuna irin na dā tana kwance cikin bulo bisa waɗannan zobba, waɗanda aka shafe cikinsu da farin ƙarfe mai taushi, domin in ci ya zo, zobe ya cinye, sanda ta tsira. Ratar da ke tsakanin zobe da sanda ba ta kan wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 1,000 na inci ba, watau kamar kaurin silin gashi, ko ƙasa da haka. A nan baƙin mai ya ke zama. In rata ta yi yawa, mai ya tsiyaye, ƙarfinsa ya faɗi, har karanshaf ya rasa rabonsa. In ta yi kaɗan, zafi ya tashi, sanda ta kame. Ko wanne ya faru, sai an sāke sauke inji, kuɗin mai mota ya bi ruwa.

Dubi injin Land Rover mai lita 2.25, wanda ya fito a 1958. Sandarsa bisa zobba 4 ta ke. Na asali, bayan an buga su cikin bulo, sai an zura wani dogon ƙarfe mai kaifi an share cikinsu gaba ɗaya, don su yi layi guda. Daga baya aka yi waɗanda an riga an share su tun daga masana'anta. A ido duk ɗaya ne, aikinsu kuwa dabam. In ka sayi na farko, ba ka da abin sharewa, to, ka sayi wahala.

Saboda haka ni ba na zuwa kasuwa da sunan mota kaɗai. Mota ta kan yi shekara arba'in tana wucewa daga hannu zuwa hannu, wa ya san abin da aka yi wa injinta a baya? Watakila wani ya taɓa yanke sandar ta rage kauri, ko ya faɗaɗa ramin bulo. In haka ne, zobe mai lamba daidai ba zai zauna daidai ba. Sai in rubuta lambar inji, in auna sanda wuri-wuri da maikiromita, in auna ramuka, in ɗauki tsofaffin zobba kowanne da alamar mazauninsa, domin a injuna da yawa ba girmansu ɗaya ba. Sa'an nan in nufi Ƙofar Ruwa, nan Kano.

Wani ɗan kasuwa ya taɓa zura zobe a sanda a gabana, ya juya, ya ce, "Maigida, ka gani? Kamar don ita aka yi shi." Na ce, "Alhaji, a hannu ke nan. In an buga shi cikin bulo tsukewa zai yi." Bai ji daɗi ba, amma ya shiga ciki ya ɗauko wani kwali. Ban ga laifinsa ba ƙwarai. Shi sayarwa ya koya. Akwai kuma rikicin awo: tsofaffin injunan Ingila da inci aka yi su, na Jamus da Japan da milimita, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Wanda ya ce "kusan ɗaya ne", ƙyale shi.

Abin da na fi dubawa shi ne hujin mai. Lalle ne hujin zobe ya hau kan hanyar mai ta cikin bulo. Bayan na buga kowanne, sai in haska tocila, ko in zura siririyar waya, in tabbata hanya a buɗe ta ke. Daga nan in shafa wa sanda mai, in shigar da ita, in juya da yatsu. In ta juya sumul, a ci gaba da haɗa inji. In ta cije, sai a zaro ta a duba zoben da ya yi sheƙi, nan ne ya matse.