Lambu a Tsakar Gida: Abin da Bidiyo Bai Faɗa Ba

A ƙarshen watan Fabrairu, wata malamar firamare a garin Minjibir ta sayi bulo 32, ta sa aka jera mata su hawa biyu a kusurwar tsakar gida, faɗi mita ɗaya da 'yan kai, tsawo ninki biyu na haka. A wani bidiyo ta ga yadda ake tayar da ƙasa cikin ɗan keɓaɓɓen gini a shuka kayan miya. Kuɗin cefane ne ya kai ta ga wannan shawara, domin albashi yakan ƙare wata bai ƙare ba, gonar gadon mijinta kuwa da ƙyar take ɗaukar gero da dawa da wake.

Ƙarancin fili tsohon zance ne a wannan yanki. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har ake nome gona kowace shekara ba hutu, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kawowa. Ga wanda ya tashi a irin wannan wuri, taku uku na tsakar gida ma fili ne.

Ta cika ginin da rairayi da ɗanyen kashin kaji, ta dasa tumatir a farkon Maris, tana ban ruwa safe da yamma. Kafin mako uku ganyen ya ƙone, dashen ya kwanta. Surukinta, dattijon da ya shekara yana noman rani a bakin madatsar ruwa ta Wasai, ya tsuguna ya tura yatsa cikin ƙasar, ya ji ta bushe ƙamas.

“'Yata,” in ji shi, “da rani ƙasa ake yi, sai da damina ake yin sama.”

“To Baba, a rushe ke nan?”

“A'a, a gyara.”

Maganarsa tana da tushe. Tayar da ƙasa dabara ce da ta fi amfani a wurare masu sanyi da yawan ruwa irin su Ingila, inda ake so ƙasa ta tsane ta kuma yi ɗumi da wuri. A Minjibir ruwan sama na 'yan watanni ne, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ƙasar jigawa ce mai saurin shanye ruwa, zafin Afrilu kuma yakan kai maki 40. Shi ya sa manomi yake yin kunya da damina don kada ruwa ya kwanta wa shuka, da rani kuma ya yi fangali mai ɗan zurfi don ruwa ya tsaya. Ita ta yi kunya a lokacin fangali. Ɗanyen kashin kaji ya ƙone saiwa, tumatir kuwa ko ya rayu, furensa zubewa yake yi a tsananin zafi.

Duk da haka ginin yana da ranarsa. Daɓen tsakar gida ya yi tauri, saiwa ba ta ratsa shi. Da damina ruwa yakan kwanta a kai, ruwan wanki mai sabulu kuma nan yake bi. Bulo ya fi katako, domin gara ba ta cinsa. Akwai kuma batun tsabta: kogin Jakara da ke cika madatsar Wasai yana ɗauke da dattin ruwan birni, har da na masana'antun Bompai da ke shigowa ta rafin Getsi. Ganyen da uwa ta san ruwan da ya sha yana da wata daraja ta daban.

Sai suka kwashe rabin rairayin, suka haɗa ƙasar gona kashi biyu da ruɓaɓɓen takin awaki kashi ɗaya. Ba su cika ginin har baki ba. Sun bar zurfin tafin hannu, wato fangali a kan tudu. Suka shafe cikin bulon da laka don rage tsotsar ruwa, suka rufe ƙasar da ƙaiƙayin gero, suka kewaye da kara da tsohon gidan sauro saboda kaji da ƙadangaru. Aka ajiye bokiti a wurin alwala, ruwan da ya taru ya zama na lambu.

Da ruwa ya sauka a Yuni ta yafa alayyafo, ta shuka yakuwa da kuɓewa a gefe. Cikin mako huɗu ta yanki alayyafon farko, ta aika wa dattijon da miyarsa. Lambun bai ɗauke mata cefane ba, har yanzu tana sayen albasa da attaruhu, amma kuɗin ganye ya fita daga lissafi. Irin tumatir yana nan ƙulle a takarda, yana jiran sanyin Nuwamba.