Ƙaryar Sawakin

Ina ɗan shekara 19 na shiga jirgin sama, kuma har yau ban sake ba. A Ƙala'at an-Nahal na tashi, garin duwatsu da baƙar laka a ƙasar Gadarif, inda dawa da riɗi ke riƙe da kowane gida. A shekarar, jan-baki, tsuntsun da Larabawa ke kira zarzur, ya afka wa dawa tana tsakiyar zuba ido. Mai gonar da nake yi wa ƙwadago ya samo ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, a leƙo inda tsuntsayen ke kwana kafin a yi feshi. Aka nemi wanda ya san dajin. Caraf na ce ni ne.

Ga gaskiyar da na ɓoye. Muna rabuwa da ƙasa hanjina ya kaɗa. Na dai hango layin dogon da ya nufi Sinnar kamar zare, da wani ƙyalli da matuƙin ya ce kogin Rahad ne. Daga nan sai leda. Har muka sauka kaina na cikinta, ina salati ina amai. Ko gashin tsuntsu ban nuna musu ba.

Da dare a dandali kuwa, zo ka ga zaki. Tun ina cewa mun zaga duwatsun garinmu, har labari ya yi fiffike. Kafin a gama yankan riɗi na kai jirgin nan Bahar Maliya, mun kewaya tsibirin Sawakin sau biyu. Nisan ma bai dame ni ba, tunda ba ni ke sayen mai ba.

Wata safiya kakana ya kira ni. Mahaifinsa na cikin waɗanda suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, shi kuwa da ƙuruciyarsa ta Sawakin ya tsallaka zuwa Jidda.

"Abokina, an ce ka ga Sawakin. Gidajen tsibirin nan suna nan?"

"Suna nan, Kaka. Jajaye, na laka, kamar na Kano."

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, sun sauya. Da idona farare na bar su, da dutsen murjani na cikin teku aka gina su. Ta sama dai ka gani, ja'iri, wataƙila rana ce ta kashe maka ido."

Bai ƙara ko kalma ba, bai kuma faɗa wa kowa ba. Wallahi da ya tsinka ni a dandali da ya fi mini sauƙi. Ina durƙushe a gabansa na gane abin da na yi: wurin da ya taka da ƙafa, da ƙishirwa da guzurin gari, shi na ɗauka na yi ado da shi a banza, don 'yan mata su kalle ni. Abin kunyar ba aman ba ne, kowa na iya yi. Na san kai ma kana da taka Sawakin ɗin, wadda ka faɗa har ka fara yarda da ita.

Washegari na nemi ya ba ni labarin tafiyarsa, ya kwashe dare uku bai ƙare ba. Ya rasu daminar da ta biyo. Sawakin kuwa har yanzu ban je ba.