Baƙin allo da buhunan albasar Kawu

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar kasuwa ce.

Waɗanda suka san ni a Mile 12 sun san ni ke riƙe wa Kawuna lissafi. Manoma su aiko da albasa daga Aliero, shi ya sayar, ni in cire kuɗin mota da na 'yan dako da la'ada, sauran a tura gida. Da R nake aikin, wato yaren kwamfutar nan na ƙididdiga da Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland. Kyauta ne. A makaranta na koya, kuma a cikin RStudio na saba buɗe shi.

To bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. Na gyara lissafin wata, a zatona ke nan, aka tura wa kowa nasa. Da dare Kawu ya ƙirga abin da ya rage a hannunsa, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Ɗana, wannan na'urar taka dai tana da tausayin manoma." Dariya ya yi, amma ni ban yi barci ba.

Washegari RStudio ya ƙi buɗewa, kwamfutar ta tsufa. Dole na koma baƙin allon nan da ake rubuta umarni, na buga Rscript lissafi.R. Nan take ya tsaya, ya ce bai san wani abu mai suna kudin_mota ba. Ashe garin gyara na share layin gaba ɗaya. RStudio kuwa, in ba ka hana shi ba, yakan adana kayan aikin jiya a wani ɓoyayyen fayil, .RData, ya dawo maka da su in ka buɗe. Da tsohon kuɗin mota ya yi mini lissafi, bai ce uffan ba. Shi Rscript, wanda ya shigo cikin R tun 2007, da wofi yake farawa kullum. Abin da ba ka rubuta ba, babu shi.

Na kai wa Kawu bayani, na ce in ya yarda in kira mutanen Aliero su maido rarar. Ya dube ni ya ce, "Kuɗin da ya riga ya shiga tukunya? Kada in ji." Shi ya ɗauki asarar. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ba a tura ko sisi sai na bi ta baƙin allo. Na sa commandArgs a cikin rubutun, ina ba shi sunan fayil ɗin wata da kuɗin motar ranar a layi ɗaya, in na manta ɗaya ya ƙi tafiya. Kawu kan leƙo ya ce, "Ka tambayi baƙin?" Sai na ce na tambaya, sannan ya ɗauko waya.